Gaisuwar Alƙalami: Matan da Suka Shiga Fada da Littafin Hannu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wata 'yar gardama da ta ɓarke tsakaninmu a ƙofar aji, ranar da ake maganar zaɓen batun kundin kammala digiri. Wata 'yar ajinmu ta ce ita so take ta fassara wani ɗan littafi daga Yarabanci zuwa Hausa, ta yi masa sharhi, ya zama kundinta. Kafin ta rufe baki sai wani ya ce ai wannan aikin 'yan kwafi ne, wani ya sha wahala ya rubuta, ke kuma ki sauya masa riga ki ce kin yi bincike. Aka kwashe da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba, sai dai daga baya abin ya tsaya mini a rai, domin kuwa mu da muke karatun Hausa a nan kudu, inda a aji guda za ka sami mai jin Yarabanci da mai jin Ibo da wanda ya sha Hausa a nono, fassara ce abincinmu na yau da kullum. Idan muka raina ta, kanmu muka raina.

A nawa ganin raina fassara da juyar littafi da ƙawata shi kuskure ne, kuma kuskure ne mai dogon tarihi, domin sau da yawa aikin da aka bar wa mata su yi shi ne ake fara laƙaba wa sunan ƙaramin aiki. Don mai karatu ya ga abin da nake nufi, zan kai shi fadojin Turai na ƙarni na 15 zuwa na 17, inda waɗansu mata suka yi amfani da wannan aiki da muke yi wa dariya wajen isar da buƙatunsu ga sarakuna.

Bari mu fara da kalma, tun da mu ɗaliban harshe ne. Bahaushe bai haɗa kyauta da gaisuwa ba. Abin da babba ya ba ƙarami kyauta ce, abin da talaka ko hakimi ya kai wa sarki kuwa gaisuwa ce, kuma kowa ya san gaisuwa tana tafe da magana a bayanta ko da mai ita bai furta ba. A fadar Ingila ta wancan zamani akwai irin wannan al'ada a ranar farko ta watan Janairu. Manyan fada da barori kowa yakan kawo wa sarki abinsa, magatakarda ya rubuta sunan mai kawowa da abin da ya kawo a doguwar takarda, sarki kuma ya mayar da tukuici na kwanonin azurfa, gwargwadon matsayin mutum. Wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo tufa, wani kuma littafi. Kada a manta, a lokacin injin buga littafi ya riga ya iso Ingila tun 1476. Wanda duk ya zauna ya rubuta littafi da hannu bayan wannan shekara don ya kai fada, da gangan ya yi, yana so a ga hannunsa da kwanakin da ya ɓata.

A ranar ƙarshe ta shekarar 1544 wata yarinya 'yar shekara 11 ta kammala irin wannan gaisuwa. Ita ce Elizabeth, 'yar Sarki Henry na Takwas, wadda daga baya ta zama Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Kada jin an ce 'yar sarki ya ruɗe mu. Ubanta ya sa an fille wa mahaifiyarta, Anne Boleyn, kai a 1536 bisa zargin cin amanar aure, tun yarinyar ba ta cika shekara uku ba, aka kuma yi doka aka ce ita ba 'yar halal ba ce. Dokar gadon sarauta ta 1544 ta mayar da sunanta cikin jerin magada, bayan ƙaninta Edward da yayarta Mary, amma ba ta goge wancan tabo ba. Ke nan matsayinta a gidan ubanta yana rataye ne da yardar manya, kuma babbar wadda take nuna mata ƙauna a lokacin ita ce matar ubanta ta shida, Sarauniya Katherine Parr, wadda ta shigo gidan a 1543.

To me ta kai mata? Ta ɗauko wata doguwar waƙar addini ta Faransanci mai layi fiye da dubu, wadda ma'anar sunanta ita ce madubin rai mai zunubi, ta mayar da ita Ingilishi a zube, ta rubuta da hannunta, aka yi wa littafin bango na shuɗin zare da adon zaren zinariya da na azurfa, da furanni a kusurwoyi, da haruffan K da P a tsakiya, wato farkon sunan sarauniya. Ana danganta wannan ɗinki ga ita yarinyar. Littafin yana nan a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford. A wasiƙar da ta sa a farkonsa ta yi irin tawali'un da aka saba, ta ce aikin cike yake da kurakurai, ta roƙi sarauniya ta gyara kafin wani ya gani.

Yanzu a dubi abin da aka zaɓa. Mai waƙar mace ce, Marguerite, sarauniyar Navarre kuma yayar Sarki Francis na Ɗaya na Faransa. An buga waƙar a 1531, malaman addini na jami'ar Paris suka sa ta cikin littattafan da ake tuhuma a 1533, sai da ƙanin mai waƙar ya sa baki. Tana da ƙamshin ra'ayin masu neman gyara a coci, wanda Katherine Parr take karkata gare shi, kuma wannan ra'ayi ba abin wasa ba ne a Ingila ta lokacin, domin a 1546 an ƙona wata mata mai suna Anne Askew a Landan saboda aƙidarta. Bugu da ƙari, cikin waƙar ana kamanta ran ɗan Adam da matar da ta ci amanar mijinta, Ubangiji ya yafe mata, alhali mazan duniya hukuncin kisa suke nema wa irinta. Mai karatu ya tuna yadda uwar mai fassarar ta mutu. Masu nazari sun kuma lura cewa a wani wuri da Faransanci ya ce uba, yarinyar uwa ta rubuta. Ko tuntuɓen alƙalami ne ko wani abu ne ya motsa a zuciya, wannan kalma ɗaya ta isa a rubuta babi guda a kanta, kuma wanda zai iya gano ta sai mai jin harsunan biyu da ya zauna ya gwada layi da layi. Wannan shi ne aikin da aka ce ba bincike ba ne.

Da shekara ta zagayo, a ƙarshen 1545, sai ta nufi uban da kansa. Ta ɗauki littafin addu'o'i da Katherine Parr ta wallafa a wannan shekara, ta fassara shi zuwa Latin da Faransanci da Italiyanci, ta haɗa cikin littafi ɗaya mai bangon jan zare, ta sa wasiƙa da Latin a gaba. Wannan ita ce kaɗai wasiƙarta zuwa ga ubanta da ta kai zamaninmu, kuma a cikinta tana nanata cewa ita 'yarsa ce, tana fatan ta gaji halayensa. Yarinyar da doka ta ce ba ta da cikakken uba ta sami hanyar tuna wa sarki ko ita wace ce ba tare da ta yi ƙorafi ba, ta kuma ɗaga darajar matar uban da ke tsaya mata, duk a gaisuwa ɗaya.

Na san abin da za a ce: ai malamanta ne suka ba ta aikin gida, watakila ma su suka zaɓi littattafan. Ina jin haka ne, yarinya 'yar shekara 11 ba ta rasa mai nuna mata hanya. Amma wannan ƙarin hujja ce gare ni. Manyan da ke kewaye da ita sun san fada ciki da waje, kuma da suka tashi neman abin da zai kare matsayin yarinyar, fassara da rubutun hannu suka zaɓa. Haka kuma aikin bai tsaya a akwatin sarauniya ba, domin a 1548 wani malami mai suna John Bale ya buga fassarar farko a ƙasar Jamus da sunan Elizabeth, 'yan Furotesta suka riƙa nuna ta a matsayin shaidar cewa 'yar sarki tasu ce.

Duk da haka Elizabeth 'yar gida ce. Wadda ta fi ba ni tausayi da sha'awa ita ce wadda ba ta da kowa a fada, wato Esther Inglis. An haife ta wajen 1570. Iyayenta Faransawa ne 'yan Furotesta da rikicin addini ya kora daga ƙasarsu, suka zauna a Edinburgh ta ƙasar Sikotland, inda uban, Nicolas Langlois, ya zama malamin Faransanci. Uwar, Marie Presot, gwanar rubutu ce, kuma a wurinta 'yar ta koya. Esther ta iya salon rubutu kusan arba'in, akwai mai kama da bugun inji har sai ka ƙura ido, akwai mai kama da igiya, akwai ƙanana da sai an matso da su kusa da ido. Waɗansu littattafanta ba su fi kwalin ashana ba. Ita ke rubutu, ita ke zayyana, ita ke ɗinke bango da zare da ƙananan lu'ulu'u. Kimanin littattafanta sittin ne suka kai zamaninmu.

Abin da ke cikinsu kuwa ba nata ba ne. Zabura ce, da karin maganar Annabi Sulaiman, da waƙoƙin wa'azi na Faransanci da waɗansu maza suka tsara. Idan da ma'aunin abokinmu na ƙofar aji za a auna ta, 'yar kwafi ce tsantsa. Amma a dubi inda littattafan suka nufa. A 1599 ta yi wa Sarauniya Elizabeth, wadda a lokacin ta tsufa kuma ba ta da ɗa, littafin Zabura da Faransanci, mijinta Bartholomew Kello ya kai shi Landan. Yana nan a kwalejin Christ Church ta Oxford. A wannan shekara ta yi wa waɗansu manyan fadar Ingila nasu, ciki har da mai riƙe da sarautar Essex. Lokaci ne da Sarki James na Shida na Sikotland yake neman magoya baya a Landan don ya gaji Elizabeth, abin da ya tabbata a 1603, kuma Kello yana cikin masu yi masa hidimar kai saƙo. Saboda haka masana da dama suna ganin littattafan Esther su ne sallamar da ke buɗe wa ɗan aike ƙofa. Har ila yau an ba Kello muƙamin mai kula da rubuta takardun sarki na ƙasashen waje, ana kuma ganin hannun matarsa aka dogara da shi wajen ba shi. Muƙami na miji, alƙalami na mata.

Sai dai Esther ba ta yarda ta ɓace ba. A cikin littattafanta da dama ta zana hotonta a shafin farko, tana zaune da alƙalami a hannu da takarda a gaba, ta kuma rubuta sunanta. A zamanin da ake ganin bai dace mace ta fito ta ce ga aikina ba, ita ta sa fuskarta a gaban kalmomin da kowa ya san ba ita ta ƙaga ba, wato tana cewa aikin hannun shi kansa abin sa suna ne. Ta ci gaba da yi wa Yarima Henry, ɗan James, har ya rasu a 1612, ta yi wa James kansa, ta yi wa Yarima Charles wani babba a 1624, shekarar da ta rasu.

A nan ne zan amsa suka mafi ƙarfi, wadda ni ma ta dame ni. Wani zai ce wannan duk roƙo ne da bambaɗanci, an dai sa masa rigar ilimi. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya kai gaisuwa yana jiran tukuici, kuma ba shi da ikon cewa ga farashina. Sarki ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya manta. Esther Inglis ta yi shekara fiye da ashirin tana yi wa sarakuna da manyan fada aiki, amma da ta rasu a garin Leith bashin da ake bin ta ya fi abin da ta bari. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mai neman yardar fada ba ya faɗin duk abin da ke ransa. Ban ce wannan hanya 'yanci ce ba. Abin da nake tambaya shi ne, marubuta maza na wannan zamani ba haka suka rayu ba? Kusan kowane littafi na lokacin yana buɗewa da sadaukarwa ga wani basarake da yabon da ya wuce kima. Me ya sa idan namiji ya yi sai a ce ya sami majiɓinci, a sa shi cikin tarihin adabi, idan mace ta yi sai a ce sana'ar hannu ce, a ajiye ta tare da kayan ɗinki? An daɗe ana kallon littattafan Esther a matsayin abin mamaki na ado kawai. A 2024, da ta cika shekara 400 da rasuwa, ɗakin karatu na Folger da ke Washington ta Amurka ya shirya baje kolin aikinta.

Akwai kuma wadda hanyar ta ciyar da ita. Christine de Pizan, wadda aka haifa a Venice a 1364 ta girma a Paris, mijinta ya rasu a 1390 ya bar ta tana da shekara 25 da 'ya'ya uku da uwa da shari'un bashi. Ita marubuciya ce mai ƙaga nata, amma a zamaninta babu injin bugu, don haka sai ta zama mai kula da juyar littattafanta da kanta, tana sa masu rubutu da masu zane aiki, tana rarraba wa gidan sarauta. A ranar sabuwar shekara ta 1404 ta kai wa Philip, mai sarautar Burgundy, wani littafinta, shi kuma ya ba ta aikin rubuta tarihin yayansa marigayi Sarki Charles na Biyar. Wajen 1414 ta haɗa ayyukanta talatin cikin babban kundi ɗaya ta miƙa wa Sarauniya Isabeau, kuma a shafin farko an zana ta durƙushe tana miƙa shi a ɗakin sarauniya, mata kewaye. Abin da ya fi burge ni game da ita ƙarami ne. A littafinta na birnin mata, na 1405, ta tsaya ta ambaci wata mai zayyana a Paris, Anastasia, ta yabi gwanintarta wajen ƙawata gefen shafi, ta ce ta yi mata aiki. Ba don wannan ambato ba, da babu wanda ya san an yi wata Anastasia.

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Duk wanda ya karanta Risala ya san sunan Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya. A can ne a shekara ta 410 bayan hijira, wato wajen 1020, wata mata mai suna Fatima, wadda ta yi renon sarki Mu'izzu ɗan Badis, ta sa aka rubuta wani babban Alƙur'ani a kan fata, layi biyar a kowane shafi, ta yi waƙafinsa ga babban masallacin garin. A nan littafin daga fada ya fito, ba can ya nufa ba. Wanda ya rubuta namiji ne, Aliyu ɗan Ahmad Warraƙ, amma bayanin da aka bari a jikin littafin ya nuna aikin ya bi ta hannun wata mata, Durra, wadda ake yi wa laƙabi da marubuciya. Mun san ta ne kawai domin wani ya ga ya dace a rubuta sunanta.

A gida kuma muna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793. Al'amarinta daban ne, ita ba ta neman shiga fada, a ciki take, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce kuma matar Waziri Giɗaɗo. Abin da ya haɗa ta da waɗancan shi ne irin aikin. Ta mayar da waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, wato Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki. Da Bello ya rubuta littafin nasiha da Larabci a kan salihan mata, ita ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, ta ƙara da sunayen matan jama'arsu, jajojin 'yan taru suka kai wa matan ƙauyuka. Waɗansu waƙoƙinta na Fulatanci kuma ƙaninta Isa ne ya mayar da su Hausa. Wa zai tsaya a ƙofar aji ya ce wa wannan gida 'yan kwafi?

Saboda haka ina da roƙo biyu ga malamanmu da shugabannin ƙungiyarmu. Na farko, a karɓi fassara mai sharhi a matsayin kundin digiri, da sharaɗin ɗalibi ya kawo asalin rubutun, ya nuna inda ya sauya da dalilin sauyawar, ya kare zaɓinsa a gaban masu jarrabawa kamar kowa. Na biyu, duk ranar da aka kai mu ziyarar ilimi wurin da ake ajiye rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, ko ɗakin karatu na Kenneth Dike a Jami'ar Ibadan ne ko Gidan Arewa a Kaduna, a ba kowane ɗalibi takarda mai gurabe huɗu ya cike: wa ya wallafa, wa ya juya, wa ya sa aka juya, wa aka ba. Mun saba da cike gurbin farko mu rufe littafi. Sauran ukun, idan an rubuta su, galibi suna shafin ƙarshe ne, bayan kalmar tammat.